Jaririn da Kotu Ke Jira

Paris, farkon Nuwamba 1793

Zuwa ga ƙanwata Mathurine, a ƙauyen Vaumeray,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da 'yarki Lison da jariran da kike raino. Ni ma lafiya lau, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke gaya mini za a yi ruwa tun hadari bai haɗu ba. Cukun da kika aiko ya iso, na gode. Rabinsa dai tsoho Blaise ya ce ɓera ne ya ci a keken dokinsa, ɓera mai gashin baki.

Kin ce ba na tuna ki sai ina da jaririn da zan tura raino ƙauye. Ba ki yi ƙarya ba. Amma kakata da kakarki nono ɗaya suka sha, kuma yau ba ni da wanda zan buɗe wa cikina sai ke. Blaise zai cusa takardar nan cikin tsummokaran jariran da zai kawo miki. Sojojin ƙofar gari suna soka mashi a buhun hatsi, amma ban taɓa ganin wanda ya sa hannu a kashin jariri ba. Ki karanta ke kaɗai, ko da zai ci miki yini, sannan ki jefa ta a murhu.

Saƙonki na baka ya same ni. Blaise ya ce Lison ta yi ɓatan wata har sau biyu, kuma Firmin ɗan Maigari Grandin ya ce shi ko gaisawa ba sa yi. Na yi baƙin ciki, ban dai yi mamaki ba. Amma ki saurara, don ina ganin faɗuwa ta zo daidai da zama.

Akwai wata mata a nan, Honorine Delpech. Yanzu an hana cewa Madam, kowa 'yar ƙasa ce, amma bakina ya ƙi sabawa. 'Yar kudu ce, har yau in ta yi magana masu sayar da kifi sai sun kwaikwayi harshenta. Uwarta wankau take yi, ubanta wani babban alƙali ne da ya mutu bai taɓa yarda shi ya haife ta ba. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, manema suka yi ta zuwa, ta kore su duka, wai matar aure ba ta buga ko layi ɗaya sai miji ya sa hannu, ita kuwa ba ta ga mai hannun da ya isa ba. Ta rubuta wasannin kwaikwayo, aka yi mata ihu. Ta koma buga takardu ana liƙa mata a bango: a bar mace ta fita daga auren da ya ƙi, a bar ta ta riƙe dukiyarta, a bar ta ta yi magana a majalisa.

Ni a asibitin haihuwa na san ta, inda muke kwantar da mata uku a gado ɗaya, mai naƙuda da mai zazzaɓi da wadda ta riga ta cika. Ta shigo da hula mai gashin tsuntsu tana toshe hanci, na ce a raina ga 'yar kallo ta zo. Ba ta tafi ba sai da ta taya ni ɗauke gawa. Mako bai zagayo ba duk bangon unguwar ya ɗauki labarin gadajen nan, aka ji kunya aka ƙaro mana wasu.

To, baki shi ke yanka wuya. Da rani ta liƙa wata takarda tana cewa masu mulkin yanzu sun kawar da sarki ne don su gaji wuƙarsa. Aka kama ta. Shekaranjiya kotu ta yanke mata hukuncin Aska, injin nan da ke sare kai a dandali. Ana gama karantawa ta miƙe ta ce tana da ciki wata biyu. Gidan da aka tsare ta ana barin baƙi su shiga, don haka ba wanda ya isa ya ce ba zai yiwu ba.

Kin san doka, ba a sare mai ciki sai ta sauka. Aka kira likitan kotu, aka kira ni, tunda ni ce ungozomar da ke rantsuwa a gabansu. Likitan ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci. Na duba ta. Mathurine, wayam. Babu komai.

Ta ce mini a hankali, "Hannunki da sanyi, Ursule."

Na ce, "Madam, me kika jawo mana?"

Ta ce, "Lokaci nake nema. Mutanen nan cin junansu suke yi, ba lallai su kai wata bakwai ba. Amma ki faɗi abin da kika gani, ba zan riƙe ki da komai ba."

Na fito na ce wa likita abin ya yi ƙanƙanta, ba a iya tabbatarwa sai nan da wata guda. Ya rubuta, ya tafi cin abincinsa.

Ga abin da na ƙulla. Cikin Lison da wanda Madam ta ce tana da shi sa'anni ne. Kafin na yarinyar ya fito, ki turo mini ita da sunan koyon aiki, ta zauna a ɗakina na sama. Madam zan riƙa naɗa mata tsumma. Ni ke dubawa, ni ke faɗa. Ranar da Lison ta haihu in sa jaririn a kwandon aikina in shiga da shi, a ce Madam ta sauka. Ɗan fursuna ƙauye ake tura shi raino, ni kuma ke zaɓar mai rainon. Kin ga ya dawo hannunku ke nan, Lison ta shayar da abinta, ba mai nuna ta da baki.

Za ki ce Paris cike take da jariran da aka yar. Haka ne, amma likita zai duba cibiya, sai ɗanyar haihuwa ta ranar. Kuma duk uwar da ba jinina ba ce, bakinta na iya kai ni gaban Aska.

Abu ɗaya: kada Lison ta kuskura ta je wurin magatakarda ta bayyana cikin yadda ake sa marasa aure su yi. In aka rubuta ciki a Vaumeray, dole a ga ɗa a Vaumeray, in ba haka ba a ce kashe shi ta yi.

Ban rantse ba tukuna. Amsarki nake jira.

Yayarki,
Ursule Bazin


Vaumeray, tsakiyar Nuwamba

Yaya Ursule,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. Ki riƙa shafa kitsen agwagwa da ɗumi. Mu nan lafiya. Ɗan mai gyaran agogo yana haƙori, ya hana kowa sakat. 'Yar mai burodi kuwa Allah ya yi mata rasuwa, gudawa ce, nonon akuya bai karɓe ta ba. Ki gaya wa uwar a hankali.

Kin ce in karanta ni kaɗai. Da wane ido? Tun bara hazo ya rufe mini, zare ma Lison ke zura mini a allura. Ita ta karanta mini, ita ke rubuta wannan. Ta hutar da ni neman bakin da zan gaya mata.

Na je wurin Grandin a injin niƙansa. Ko sauka daga kan buhu bai yi ba. Ya ce, "'Yar ƙasa, ki ɗaure akuyarki, bunsuruna ba shi da laifi." Ya kuma tuna mini gidan da muke ciki nasa ne, kamar na manta. Na dawo ban iya cin abinci ba.

Don haka na yarda. Ki rantse. Ni ban san matar nan ba, kuma mace mai liƙa takarda a bango ba ta burge ni. Da ta zauna ta yi saƙa da yanzu wuyanta lafiya ƙalau. Amma in cikinta na ƙarya zai rufe mana namu na gaske, Allah ya raya. Lison za ta taho da Blaise a tafiyarsa ta kafin Kirsimeti, in mun gama tsinke tuffa da matse ta, don ni kaɗai ba zan iya ba.

Na tambayi yarinyar, ta yi shiru tana kallon wuta. Shirun budurwa kuwa amsa ce.

Ƙanwarki,
Mathurine

Inna Ursule, ni ce Lison. Wannan layin nawa ne, Mama ba ta san na ƙara ba. Matar nan da ubanta ya ƙi ta, me ta rubuta a kan irinmu? In akwai takardar, ki aiko mini in gani.


Paris, farkon Disamba

Ƙanwata Mathurine, da 'yata Lison tunda ashe ke ce idon gidan,

Ina gaishe ku. Na shafa kitsen agwagwar, gwiwa tana nan yadda take, sai dai karnukan unguwa sun fara bina. Mai burodi ta yi kuka, ta ce a gode miki da ɗawainiya.

Na rantse. Bakin alƙalami ya bushe. Na ɗaga hannu a gaban alƙalai na ce 'yar ƙasa Delpech tana ɗauke da ciki wata uku. Kafin in sauke hannun magatakarda ya karanta mini hukuncin mai shaidar zur, wai al'ada ce. In asiri ya tonu, amalanke ɗaya za mu hau da ita zuwa Aska, Mathurine. Na fito na zauna a kan matakala har wani soja ya tambaye ni ko ni ma cikin ne da ni.

Mai gabatar da ƙara ya so ya kunyata ta. Ya ce, "Ke da kika cika bango da cewa a faɗi sunan uba, to waye uban wannan?"

Ta ce, "Ni na ce a bar mace ta faɗa, ban ce a matse ta ta faɗa ba. Amma in kana tsoron kai ne, kwantar da hankalinka."

Har alƙalai sai da suka rufe baki don dariya.

An mayar da ita gidan jinyar fursunoni, ɗakin masu ciki da ke jiran haihuwa da Aska. Ba ta zauna lafiya ba. Tana koya wa wasu rubuta sunansu da gawayi a bango, tana faɗa da mai tsaron ɗakin a kan bargo. Na ce mata mai ciki wata uku kasala take yi, ta rage tsalle. Ta ce za ta gwada.

Ban gaya mata inda jaririn zai fito ba. Na ce na tsintuwa ne, irin waɗanda ake ajiyewa a ƙofar coci. Na san halinta.

Lison, layinki ya faranta mini rai fiye da duk wasiƙar uwarki. Yarinyar da ke son sanin matar da za ta ceta, ai ta riga ta yarda. Sabulun da na aiko, ki warware takardar da aka naɗe shi da ita a hankali, ita ce. Ita kaɗai ta rage mini, sauran na ƙone. In danshi ya ci rubutun, ga inda na fi so: "Ɗa ba ya faɗowa daga sama. Kunya kaya ce ta mutum biyu, don me ake ɗora wa mace ita kaɗai? Ni 'yar da aka ƙi ce, na san nauyin sunan da aka hana ni. A bar uwa ta tsaya a gaban hukuma ta faɗi uban ɗanta, a rubuta." Ki karanta ki ƙone.

Na share ɗakin sama, na sa sabuwar ciyawa a katifa. Ki taho da riguna masu faɗi.

Taku,
Ursule


Paris, farkon Fabrairu 1794

Mathurine,

Ina fatan kuna lafiya. Ni ban san ko lafiya nake ba.

Kirsimeti ta wuce, sabuwar shekara ta wuce, babu Blaise, babu Lison, babu ko layi ɗaya. Kullum sai na je masaukin masu keken doki, har mai wurin ya fara ce mini amaryar Blaise. Wannan ta hannun wata mai sayar da man shanu na ba da ita, ta ce tana bi ta kusa da ku. Ban san ta sosai ba, kin ga inda tsoro ya kai ni.

Tsumman ya kai na wata biyar. Duk mako ina ƙara ninki ɗaya, ina ɗinke shi da kaina. Madam ta koyi tafiyar masu ciki, hannu a ƙugu, har wata a ɗakin tana ba ta shawarar abin da za ta ci. Amma a makon jiya an kama wata matar mai sayar da kyandir da matashi a ƙarƙashin riga. Washegari aka fita da ita, da ita da ma'aikaciyar da ta ba ta matashin. Tun ranar magatakardan kotu yake tare ni a ƙofa yana cewa, "'Yar ƙasa Bazin, yaya ɗanmu? Kotu tana jiransa." Yana murmushi in yana faɗa.

In Lison ba ta taho yanzu ba, cikin zai fito a idon ƙauye, shi ke nan. Ko ya riga ya fito? Ko kun daidaita da Grandin ne, an sa ranar aure, kika bar ni a rana? In haka ne ki faɗa mini, ba zan zage ki ba, ko kuma in zage ki kaɗan. Ke kika ce in rantse. Ban ƙone takardarki ba, ina duba wurin nan kullum don in tabbata ba mafarki na yi ba.

Ko a ƙafa ne ki turo mini amsa.

Ursule


Vaumeray, ƙarshen Fabrairu

Yaya Ursule,

Ina gaishe ki. Jiki lafiya, sauran kuwa sai a hankali. Mara kunyar ce ke rubuta wannan, don ba ni da wani hannun. Na ce ta rubuta duk yadda na faɗa, har zagin.

Ba mu bar ki a rana ba. Sojoji sun ƙwace dokin Blaise tun kafin Kirsimeti, ƙanƙara kuma ta rufe hanya. Sai yanzu ya samo aron alfadari. Wasiƙarki ta hannun mai man shanu ta iso, amma ta tarar an riga an yi ɓarnar.

Ke kika jawo, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Wa ya aike ki ki ba yarinya mai ciki irin wannan takarda? Ba ta ƙone ta ba. A ƙirji take ɓoye ta. Ashe in ta tafi wanki bakin rafi karanta wa mata take yi, har matar maƙeri ta haddace. Ni ina gida da 'ya'yan mutane, ban san wainar da ake toyawa ba.

Ranar hutu, da majalisar gari ta zauna a tsohon coci, ta ce mini za ta ɗebo itace. Sai labari na ji. Wai ta shiga ta tsaya a gaban teburi, Grandin yana zaune a kujerar Maigari da ɗamararsa, ta kwance mayafi kowa ya ga cikin, ta ce ta zo bayyanawa, kuma uban Firmin Grandin ne. Magatakarda ya rubuta cikin, ya ce sunan kuwa ba dole ba ne. Sai matan wanki suka tsaya a ƙofa da sandunan bugun kaya, suka ce ba mai fita sai an rubuta. Aka rubuta.

To me aka samu? Firmin ya gudu ya shiga soja. Grandin ya ce mu bar masa gidansa kafin shuka. Mai gyaran agogo ya aiko a ɗauke ɗansa. Ciki kuma an rubuta shi a Vaumeray, ke da bakinki kika faɗi abin da hakan ke nufi. Na mare ta, na yi kuka, na sake marinta. Ba abin da ya canja.

Ban san abin da zan ce miki a kan wuyanki ba. Ki gudo nan in kina iyawa, ko da yake mu ma ba mu da nan ɗin.

Ƙanwarki,
Mathurine

Inna, ni ce. Na rubuta duk abin da Mama ta ce, ban rage ba.

Na san abin da na yi miki. Wallahi na yi ƙoƙarin yarda, har na ɗaure kayana ina jiran Blaise. Sai ɗan ya fara motsi a cikina. Kin ce zai dawo hannuna. Na yi ta tunani, in shayar da shi, in yi masa wanka, ya girma yana ce mini mai raino, wata rana ya tafi Paris neman kabarin uwarsa. Ita matar nan uba kaɗai aka hana ta, ga shi har yau ba ta huce ba. Ni kuma a ce in hana nawa uwa da uba duka.

Ban yi shiru don na yarda ba, ba wanda ya jira in yi magana ne. Da na sani kin ɗauki layina a matsayin amsa, da na rubuta wani. Ban sani ba ko daidai na yi. Ba na barci sosai.

Roƙona ɗaya. Ki gaya mata gaskiya. Kada ki ce mata ɓari na yi.

Lison


Paris, tsakiyar Maris

Lison,

Ki gaishe da uwarki, ki karanta mata abin da kika ga dama. Wannan taki ce. Ina da rai, kuma lafiyata ƙalau, ki fara ajiye wannan a ranki.

Da na gama karanta wasiƙarku na zage ki zagin da ban taɓa yi wa ɗan'adam ba. Da kina kusa da na ƙara miki a kan na uwarki. Na yi niyyar in ce mata ɓari kika yi, ya fi sauƙi. Amma da na shiga da safe zan ƙara mata ninkin tsumma a bayan labule, ta dube ni ta ce, "Wa ya mutu?" Sai na gaya mata duka. Ke, da Firmin, da kwandon, da sabulun.

Sannan ta ce, "Ashe ba na tsintuwa ba ne."

Na ce, "Madam, bar wannan. Akwai sauran wata uku. Haihuwa nawa nake karɓa a mako? Zan samo wani."

Ta ce, "Ɗan wa?"

Na ce akwai matan da za su yi murna a raba su da shi.

Ta ce, "Murna, Ursule? Ke da kike ganin fuskarsu?"

Na ce to ta tuna mutanen nan sun fara saran junansu yadda ta faɗa, saura ƙiris. Ta ce ta sani, kuma tana son rai kamar kowa, har ta fi kowa, tana da littafi a kanta da ba ta rubuta ba. Amma da hannunta ta kama bakin zaren ɗinkin tsumman ta ja.

Ta fito tsakiyar ɗaki da tsumman a hannu, ta sa aka kira likita da magatakarda. Ta ce cikin ya zube tun cikin Disamba, bayan rantsuwata da kwana kaɗan, ta ɓoye. Ta ce tun daga nan ba ta bari na taɓa fatarta ba, kullum sai ta ce sanyi take ji, ni kuma na yarda. Sannan ta juyo kaina. Ta ce mini tsohuwar banza, mai mataccen hannu, wadda ba ta iya bambanta jariri da zanen gado, wai kotun da ta ɗauki irina aiki ta cancanci a yi mata dariya. Da kyau ta zage ni, Lison, ba ta rage komai ba, har magatakarda ya riƙe ciki don dariya. Ni kuwa na tsaya ina kuka, suka ɗauka na kunya ne.

An kore ni daga aikin kotu saboda sakaci. Iyakar abin da aka yi mini ke nan.

Washegari da la'asar aka fita da ita. Na bi amalanken har gada, gwiwa ta hana ni ƙarasawa, ko kuma ba gwiwar ba ce. An aske mata gashi, ana sanyi, ba a ba ta mayafi ba. Wasu mata suna yi mata ihu suna kwaikwayon harshenta. Tana tsaye.

Ban yafe miki ba tukuna, kada in yi miki ƙarya. Ina ƙaunarki, kuma in na tuna watanni ukun nan sai in ji kamar in shaƙe ki. Duk da haka, in Grandin ya kore ku, ku taho da Blaise, ke da uwarki da akuyar in za ta hau alfadari. Ki sanar da magatakardanku inda za ki haihu don kada a ce kin gudu da cikin. Ni zan karɓi haihuwar, kuma da sunanki za a rubuta shi.

Saura abu ɗaya. Kafin ta ja zaren ta sa na sake ba ta labarin cocin tun daga farko, da mayafin, da matan wanki, da sandunansu. Ta tambayi shekarunki. Ta tambaya ko kin iya rubutu da kyau, na ce kin fi ni. Sannan ta tambaye ni abin da ba wanda ya rubuto mini. Ta ce, "Da ta zo kan sunan, da ƙarfi ta faɗa, ko a hankali?"

Na ce da ƙarfi, har na bakin ƙofa sun ji. Ta rufe ido, ta ce to madalla.

In ƙarya na yi mata, Lison, kada ki taɓa gaya mini.

Innarki,
Ursule